Dalolin Masar: kaburburan sarakuna ne, ko akwai wata manufa ta daban?

"Assalamu alaikum. Na kalli bidiyoyi da dama a kan dalolin Masar. Wani ya ce rumbunan hatsin Annabi Yusuf ne, wani ya ce Samudawa suka gina su, wani ya ce tashar lantarki ce, wani kuma ya ce an jera su daidai da taurari tun shekara dubu goma sha biyu da suka wuce. An kuma ce ba a taɓa samun gawa ko ɗaya a cikinsu ba. To in babu gawa, ta yaya aka san kabari ne? Don Allah a warware min."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a dunƙule: don me aka gina su, kuma ta yaya aka gina su. Ta farkon tana da amsa mai ƙwari, don hujjojinta sun fito ta hanyoyi da yawa da ba su dogara da juna ba. Ta biyun kuwa akwai sauran giɓi a cikinta, kuma ta wannan giɓin ne mafi yawan bidiyoyin nan suke shigowa. Matsalarsu ɗaya ce kusan duka: dala guda suke kallo, ta Sarki Kufu da ke Giza, su kau da kai daga sauran fiye da 100 da ke Masar. Mu kuwa a wannan fanni, duk ra'ayin da aka kawo, abin da muke fara tambaya shi ne, ya iya bayanin dukkansu, har da waɗanda suka lalace a hannun maginansu?

Yadda aka koyi ginin

Dalar Kufu ba faɗowa ta yi daga sama ba. Kafin ta, manyan Masar a ƙarƙashin wani gini mai shimfiɗaɗɗen rufi ake binne su, mai kama da dakali, shi ya sa Larabawa suka kira shi masɗaba. Wajen shekara ta 2650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Saƙƙara, aka ɗora irin wannan dakali hawa shida, kowane ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, aka samu dalar Sarki Zosar mai tsayin kusan mita 60. Idan ka dubi gefenta inda rufin waje ya zube, za ka ga layukan da ke nuna an faɗaɗa ginin sau da yawa, wato ana yi ana sauya shawara.

Sai mahaifin Kufu, Sarki Sinefru, wanda ya fi kowa zuba dutse a tarihin ƙasar. A Maidum an gina dala mai matakai, daga baya aka cike matakan don ta zama sumul, kuma yau wannan cikon ya zube ya bar ƙashin ginin tsaye cikin tarin ɓaraguzai. A Dahshur an fara wata da karkata ta kusan digiri 54, ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, bango ya fara tsagewa, har aka tokare ɗakin ciki da gumagumai na itacen sida. Kusan a rabin tsayinta aka sassauta karkatar zuwa digiri 43, shi ya sa take da lanƙwasa har yau. Ta ukun, wadda ake kira Jar Dala, tun daga tushe da digiri 43 aka fara ta, ta kuma tsaya lafiya. Bayan wannan ne Kufu ya gina tasa wajen 2560, a kan tsaurin dutse: tsayi mita 146 da rabi, kowane gefe mita 230, duwatsu kimanin miliyan 2.3. Wannan tarihi ne na magina da ke kuskure suna gyarawa cikin shekaru kusan ɗari. Wanda ya zo da ilimi cikakke daga wata duniya ba zai tsaya yana tokare bango da itace ba.

Siffar kanta ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san dalar gyaɗa ta Kano. In kana son tara abu mai nauyi ya yi tsayi ba tare da ginshiƙin ƙarfe ba, dole ka faɗaɗa gindi ka tsuke kai. Ga Misirawa kuma siffar tana da ma'anar addini, tana tuna musu tudun farko da suka yi imani ya fito daga ruwa lokacin halitta, da dutsen benben da ke wurin bautar rana a Heliyofolis.

Maganar babu gawa

Gaskiya ne ba a samu gawar Kufu ba, haka ta ɗansa Sarki Kafra. Amma cewa ba a taɓa samun ko ɗaya a wata dala ba kuskure ne. An samu ragowar gawar Sarki Nefarefre a dalarsa da ke Abusir, an samu ta Sarki Jedkare Isesi a tasa da ke kudancin Saƙƙara, haka a dalolin wasu matan sarakuna. Dalilin rashin sauran kuwa sananne ne: dala alama ce da ake hangowa daga nesa mai cewa ga dukiya nan, kuma tun a zamanin da mulki ya wargaje bayan gidan sarauta na shida aka fara fasa su. Wannan ne ma ya sa sarakunan baya suka koma haƙa kaburbura a ɓoye cikin kwarin da ke yammacin Luksor. Ko ramin da masu yawon buɗe ido ke shiga dalar Kufu ta cikinsa a yau, fashi ne aka yi a jikin dutse, wanda marubutan Larabawa suka danganta wa Halifa Ma'amun a ƙarni na 9.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata a faɗa don adalci. A 1954 Zakariyya Gonaim ya buɗe akwatin gawa a dalar Sarki Sekemket da ba a gama ba, akwatin a rufe, ciki ba komai. Masana ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba. Sai dai misali ɗaya ba ya rushe sauran hujjoji. A ɗakin sarki na dalar Kufu akwai akwatin gawa na jan dutsen giranit, faɗinsa ya fi na hanyar da ke hawa zuwa ɗakin, wato tun ana gini aka ajiye shi. Kusan kowace dala tana cikin unguwar matattu a yammacin Nilu, da ɗakin bauta a gabashinta, da doguwar hanya zuwa wani ɗakin bautar a bakin kwari, kewaye da kaburburan mata da 'ya'ya da fadawa. A gindin ta Kufu aka tono jirgin ruwa na itacen sida a 1954, tsawonsa ya haura mita 43. Takardun Abusir sun rubuta kayan hadayar da ake kai wa mataccen sarki kullum da jerin masu aikin. Daga Sarki Unas kuma, wajen 2350, aka fara sassaƙa addu'o'in tashin sarki zuwa sama a bangon ɗakin da akwatin yake. Masu ginin sun faɗi abin da suke yi da rubutunsu.

Rumbun Annabi Yusuf da Samudawa

Maganar rumbu tsohuwa ce, ba ta intanet ba. Matafiya na zamanin da sun riƙa faɗinta, har an zana dalolin a matsayin rumbunan Yusuf a rufin cocin San Marko da ke birnin Benis na Italiya. Lissafi kaɗan ya isa a gwada ta. Dalar Kufu kusan duka dutse ce cunkus, girmanta ya kai kubik mita miliyan 2.6, amma ɗakin sarki tsawonsa mita 10 da rabi ne, faɗi 5 da 'yan kai, tsayi ƙasa da 6. Ko ka cika shi maƙil da alkama, kusan tan 240 ne kawai, buhu 2,400 ke nan masu kilo 100, lodin tirela takwas. Ba da wannan ake ciyar da ƙasa shekara bakwai ba. Hanyar shiga kuma tsayinta kusan mita 1.2 ne, a gangare, sai mutum ya duƙa. Rumbunan Masar na gaske an tono su, a Edfu misali, kuma kamar namu suke: na tubalin laka, masu zagaye, a zuba ta sama a ɗiba ta ƙasa. Su ma masu ƙoƙarin gano zamanin Annabi Yusuf (AS) suna kai shi ƙarnuka da dama bayan Kufu.

Wannan ƙunci na hanyoyin shi ne amsar maganar Samudawa ko Adawa. Cikin akwatin Kufu bai kai mita 2 ba. Ma'aikatan kansu an samu makabartarsu a kudancin Giza a 1990, ƙasusuwan mutane ne irinmu, da alamun lalacewar ƙashin baya saboda ɗaukar nauyi, wasu da karayar da aka ɗora ta warke. Kusa da nan aka tono garinsu, da gidajen gasa burodi da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da suka ci. Ƙiyasin masana yanzu shi ne mutum 20,000 zuwa 25,000 a lokaci guda, yawancinsu masu aikin karɓa-karɓa. Wasu kan haɗa dalolin da ginin da Fir'auna ya umarci Hamana ya yi masa a Suratul Ƙasas. Fassarar aya aikin malaman tafsiri ne, amma ta fuskar tarihi, ayar tana maganar yumɓun da aka gasa, dalolin Giza kuwa sassaƙaƙƙen dutse ne, kuma sun girme wa zamanin da ake sanya Fir'aunan Annabi Musa (AS) da fiye da shekara dubu.

Lambobi da taurari

A nan ne aka fi ruɗa masu ilimin boko, don lambobin gaskiya ne. In ka raba kewayen gindin dalar Kufu da ninki biyu na tsayinta, za ka samu 3.14, lambar da ake lissafin da'ira da ita, shi ya sa wasu ke cewa da gangan aka ɓoye ta a ginin. Amma dubi yadda maginan ke awo. Da kamu suke yi, nasu kamun na sarki santimita 52.4 ne, an raba shi tafi 7, kowane tafi yatsa 4. Ba da digiri suke auna karkata ba, cewa suke, duk kamu ɗaya da ka hau, tafi nawa za ka shige ciki? Wannan awo sunansa seked, kuma takardar lissafi ta Rhind tana da darussa a kansa. Na Kufu tafi 5 da rabi ne. Hau kamu 280 da wannan awo, rabin gindi zai zama kamu 220, gefe guda 440, kewaye 1,760. Raba 1,760 da 560, ga 22 bisa 7 ya fito da kansa. Ɗansa Kafra da tafi 5 da kwata ya yi tasa, lambar ba ta fito ba, haka a Jar Dala. Ita takardar Rhind ɗin ma, in ta zo lissafin da'ira, abin da take bayarwa ya yi daidai da 3.16 ne. Irin wannan farautar lambobi ta yi tashe a ƙarni na 19, lokacin da masanin taurari Piazzi Smyth ya ce akwai wani "inci" na wahayi a jikin ginin. Flinders Petrie ya tafi Giza a 1880 yana ganin ƙimar ra'ayin, ya auna da kayan safiyo, awon ya ƙi yarda da shi, ya kuma buga abin da ya samu.

Ra'ayin taurari na Robert Bauval ne, ya yaɗu daga 1994: wai daloli uku na Giza hoton taurari uku ne da ke jere a ƙugun ƙungiyar taurarin da ake kira Oriyon, kuma tsarin ya fi dacewa da sararin sama na shekara ta 10,500 kafin Annabi Isa. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki wadda ba na so a zubar da ita tare da ƙaiƙayi. Misirawa sun haɗa Oriyon da Osiris, abin bautarsu na matattu, kuma addu'o'in Unas suna cewa sarki zai shiga cikin taurarin arewa da ba sa faɗuwa. Tun 1964 Alexander Badawy da Virginia Trimble suka nuna cewa ƙananan ramukan da suka fita daga ɗakin sarki, masu faɗin kusan santimita 20, suna iya fuskantar waɗannan taurari. Amma wannan ƙarfafa maganar kabari yake yi. Inda ra'ayin ya karye shi ne cewa shiri ɗaya ne aka zana tun farko. Wanda ya gaji Kufu kai tsaye, Jedefre, bai yi gini a Giza ba sam, Abu Rawash ya tafi, kilomita 8 arewa. Jerin ukun kuma yana bin kwanciyar tsaurin dutsen wurin ne, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, don a nan ne ƙasa za ta ɗauki nauyin.

Shekarun ma an gwada. Kwaɓin da ke tsakanin duwatsun da wuta aka gasa shi, ya riƙe burbushin gawayi. An auna shekarun gawayin a 1984 da 1995. Sakamakon ya ɗan girme wa lissafin tarihi, da shekara 100 zuwa kusan 400, abin da ake dangantawa da ƙona tsofaffin itatuwa, amma bai ko kusanci ƙarin shekara dubu takwas da ra'ayin Bauval ke nema ba. Daidaita gefunan da arewa, wanda kuskurensa bai wuce kashi ɗaya cikin 15 na digiri ba, aiki ne mai ban sha'awa, kuma an nuna ana iya yinsa da sanda da igiya ta bin inuwar rana a ranar da dare da yini suke daidai, ko ta lura da taurari biyu da ke kewaya arewa.

Maganar tashar lantarki ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tasha tana bukatar waya, da wurin da wutar za ta je, da abin da zai yi amfani da ita. Ba a samu ko ɗaya ba a duk ƙasar, abin da aka samu fitilun mai da lagwani ne. Ra'ayin Joseph Davidovits cewa zuba duwatsun aka yi kamar kankare ya fi wannan nauyi, don masanin sinadarai ne, amma duk mai buga bulo ya san ma'auni ɗaya girma ɗaya yake fitarwa. Duwatsun Kufu kowane da girmansa, layukan ƙasa sun kai mita 1 da rabi, wasu na sama rabin mita, an cike giɓin tsakani da tsakuwa da kwaɓi. Ramukan da aka yanko su suna nan kudu da dalar, da sawun cizal a jikinsu.

Shaidar da ta fi kowace

A 2013 Pierre Tallet da tawagarsa suka samu takardun fafirus, wato irin takardar da Misirawan da ke yi da wata ciyawar bakin ruwa, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, su ne mafi tsufa masu rubutu da aka taɓa samu a Masar. A cikinsu akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, mai mutum kusan 40 a ƙarƙashinsa. Rana bayan rana yake rubuta yadda suke lodin farin dutse a Tura, su bi ruwa su kai shi Aket-Kufu, wato sunan dalar, ƙarƙashin kulawar Ankaf, ɗan'uwan sarki. Wannan farin dutsen shi ne rufin waje mai santsi da aka kwashe daga baya aka gina Alƙahira da shi. A huɗu daga cikin ɗakuna biyar da ke saman ɗakin sarki kuma, waɗanda aka toshe tun lokacin gini sai a 1837 Howard Vyse ya fasa su da albarushi, akwai sunayen rukunonin ma'aikata da jan fenti, ɗauke da sunan Kufu. An zargi Vyse da rubuta su da kansa, amma wasu rubutun a kife suke, wasu sun shige cikin tsagin da hannu ba ya kaiwa, alamar tun a wurin fasa dutse aka shafa su.

Inda har yanzu ake jayayya

Yanka da ja an fahimce su sosai. Farin dutse da cizal na jan ƙarfe ake yanka shi, giranit kuwa, wanda ake kawowa daga Aswan mai nisan kusan kilomita 800, da ƙwallayen dutsen da ya fi shi tauri ake daka shi, a yanka shi da zarton jan ƙarfe marar haƙori ana zuba yashi, yashin ne ke ci. Ana ja a kan katako marar taya da ke sulɓewa a kan yashi. Wani zane a kabarin wani hakimi mai suna Jehutihotep ya nuna ana jan gunki mai kimanin tan 58, mutum ɗaya yana zuba ruwa a gaba, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Amsterdam a 2014 ya nuna yashi mai danshi daidai yana rage ƙarfin ja da kusan rabi. In ruwan ya yi yawa kuma, katakon nutsewa yake. Duwatsu miliyan 2.3 cikin shekara 20 na nufin kusan 315 kullum, ɗaya duk minti biyu a yinin awa goma, abin da ke yiwuwa in rukunoni da yawa suna aiki a gefuna daban-daban. Kuma kashi 70 cikin 100 na dukkan dutsen yana cikin sulusin farko na tsayin.

Abin da ba a daddale ba shi ne sama. Gangara miƙaƙƙiya zuwa ƙololuwa, in mutum zai iya jan kaya a kanta, sai ta kai kusan kilomita ɗaya da rabi, ta ci kayan da suka kusa na dalar kanta. Gangara mai kewaya ginin tana rufe kusurwoyin da magini ke bukatar gani don kada ginin ya murɗe. Jean-Pierre Houdin ya kawo ra'ayin gangara ta cikin jikin ginin, ra'ayi ne na mai hankali, amma ba a gan ta ba tukuna. A 2018 an samu wata gangara mai tsananin hawa a ma'adinin Hatnub, ta zamanin Kufu, da matakala a gefe biyu da ramukan turaku da ake naɗa igiya, wadda ta nuna suna iya hawan da ya fi yadda ake zato. A ganina haɗawa suka yi, babbar gangara a ƙasa, ƙanana da sanduna na ɗagawa a sama. Mafi wuya su ne gumagumai na giranit masu tan 25 zuwa 80 da ke rufe ɗakin sarki, fiye da mita 40 daga ƙasa.

Cikin ginin ma bai gama bayyana ba. A 1993 wata ƙaramar na'ura ta bi ramin kudu na ɗakin da ake kira na sarauniya, ta ci karo da toshiyar dutse mai ƙusoshin jan ƙarfe biyu, da aka huda ta a 2002 sai ga wani dutsen a baya. A 2017 masu aikin ScanPyramids, ta amfani da ƙwayoyin muwon da ke saukowa daga sama suna ratsa dutse, suka gano wani fili mai tsawon aƙalla mita 30 a saman babban zauren hawa, kuma na'urori iri uku daban-daban suka tabbatar da shi. Da'awar 2025 ta cewa akwai ginshiƙai masu zurfin ɗaruruwan mita a ƙarƙashin dalar Kafra ba ta samu irin wannan tabbaci ba, kuma radar ta tauraron ɗan'adam ba ta ratsa dutse zuwa wannan zurfi. A 2023 an zura siririyar kyamara ta tsagin duwatsun da ke saman asalin ƙofar arewa ta dalar Kufu, aka ga wani lungu mai tsawon mita 9 da faɗin mita 2, rufinsa mai doro, ba komai a ciki, wataƙila don rage nauyi a kan ƙofar aka bar shi. Shi kuwa babban filin, har yanzu ba wanda ya leƙa cikinsa, don kaiwa gare shi na bukatar huda ginin.